Me Ya Sa Zafin Jawabin Ƙarfafa Gwiwa Yake Saurin Hucewa?

Tambaya: Malam, ina yawan sauraron jawaban ƙarfafa gwiwa a YouTube, kuma duk lokacin da na gama sai in ɗauki alƙawarin fara motsa jiki da karatu kullum, amma kafin mako ya zagayo na koma gidan jiya. Laifin jawaban ne ko nawa? Yaya zan gane jawabin da zai canza mini ɗabi'a?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da jawabi yake tayarwa a zuciya shauƙi ne, shi kuwa shauƙi ba ya daɗewa. Ɗabi'a tana kafuwa ne idan mutum ya maimaita aiki ɗaya a yanayi ɗaya har ƙwaƙwalwa ta ɗaure su tare, ta yadda ganin wurin ko shigowar lokacin kaɗai zai tura shi ga aikin ba tare da ya sake yin shawara da kansa ba.

A shekarar 2002, masu bincike uku a Birtaniya, Milne da Orbell da Sheeran, sun raba ɗalibai kashi uku domin su ga wa zai motsa jiki. Kashin farko ba a ba su wani bayani na zaburarwa ba, kuma kashi 38 cikin ɗari daga cikinsu sun motsa jiki. Na biyu an ba su bayani mai tayar da hankali kan ciwon zuciya da amfanin motsa jiki. Niyyarsu ta ƙaru, amma kashi 35 ne kawai suka aikata. Na uku sun karanta wannan bayani, sannan aka sa kowa ya rubuta ranar da zai yi, da lokacin, da wurin, sai adadin ya kai kashi 91. Masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya daɗe yana nazarin wannan dabara, wadda siffarta ita ce mutum ya ce: idan kaza ta faru, zan yi kaza.

Da wannan ma'auni nake auna kowane jawabi. Idan ka gama saurare ba ka fito da aiki guda ƙarami wanda ka san lokacinsa da wurinsa ba, to nishaɗi ka samu. "Zan zama mai karatu" buri ne. "Idan na kashe fitilar falo da dare, zan karanta shafi biyu kafin in taɓa waya" shi ne abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa. Ƙanƙantar aikin ba abin kunya ba ce, domin ana so ya zama wanda za ka iya yi ko a ranar da ka gaji.

Akwai ma jawaban da suke rage ƙoƙari. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta nuna cewa mutanen da suke nutsewa cikin mafarkin nasara sukan yi ƙasa da himma, kamar zuciya ta riga ta ɗanɗani ladan ta kwanta. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya hango burin, sannan ya dubi cikas ɗin da ke cikin kansa, ya tanadi abin da zai yi idan ya taso. Saboda haka ni ina shakkar mai jawabin da ba ya ambaton wahala ko kaɗan.

Batun da ake yawan faɗa cewa kwana 21 sun isa a kafa sabuwar ɗabi'a kuwa, ya samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran jiki, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya rubuta cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla wannan lokaci kafin su saba da sabuwar kamarsu. Binciken Phillippa Lally a Landan, wanda ya bi mutum 96 tsawon mako 12, ya sami matsakaicin kwana 66 kafin aiki ya zama ɗabi'a, kuma tazarar da aka ƙiyasta ta kama daga kwana 18 zuwa 254, gwargwadon mutum da nauyin aikin. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Mako gudan da kake yanke wa kanka hukunci a kansa bai kai ko mafi ƙarancin wannan tazara ba, don haka idan ka fashe ranar Laraba, ka koma ranar Alhamis a lokacin da ka tsayar tun farko, ba sai ka nemi sabon jawabi ba.