Amsa: Shiga kwamfutar gida ta wayar hannu

Malam, ka tambaya ko za ka iya buɗe takardun da ke kwamfutarka ta gida da wayarka alhali kana kan tafiya. Hakan mai yiwuwa ne, kuma shawarata ka fara da Chrome Remote Desktop, manhajar Google ta sarrafa kwamfuta daga nesa, domin kyauta ce. Ka girka ta a kwamfutar da asusunka na Google, ka zaɓi lambar sirri da ba ta gaza lambobi 6 ba, sannan ka shiga da wannan asusun a wayar. Allon kwamfutar zai bayyana a tafin hannunka, yatsanka ya zama linzami.

Abin da ya fi kawo cikas shi ne kwamfutar ta yi barci ko a ɗauke wuta, saboda haka ka kashe saitin barci, ka kuma tanadar wa na'urar intanet batir, don idan ta mutu babu hanyar shiga. Remote Desktop na Windows kuwa, wato tsarin shiga daga nesa da ke zuwa cikin Windows, ba ya karɓar shiga a nau'in Windows Home, sai irin su Windows Pro, kuma buɗe masa ƙofa ta 3389, wato mashigar sadarwa da yake amfani da ita, kai tsaye ga intanet kasada ce, domin masu kutse suna yawan laluben ta.