Shirin gidan Borjiya: ina tarihi, ina ƙarin gishiri?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni da abokaina mun kammala kallon shirin nan mai dogon zango, The Borgias, na Fafaroma Alekzanda na Shida da 'ya'yansa, amma gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɗayanmu ya ce sharri ne kawai aka ƙulla don a ɓata sunan coci, ba yadda za a yi shugaban addini ya aikata haka. Wani kuma ya ce abin da aka nuna ma somin taɓi ne. Don Allah a raba mana gardama, tun da tarihin Turai fagenka ne.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Kowanne cikin abokan nan naka ya kama wani gefe na gaskiya, sai dai ina zargin a kan sha'anin mata da guba kuke gardama, alhali ba nan ne ɓarnar ta fi tabbata ba. Abin da tarihi ya fi tabbatarwa shi ne abin da mai kallo ke hamma idan an zo kansa, wato kuɗi da muƙamai da takardu.

Mutumin dai ba ƙage ba ne. An haifi Rodrigo Borjiya, wanda ya zama Alekzanda na Shida, a 1431 kusa da birnin Valencia a ƙasar Sifen. Kawunsa, Fafaroma Kalistus na Uku, ya naɗa shi kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan limaman coci masu zaɓen Fafaroma, a 1456 yana ɗan shekara 25, shekara ta zagayo ya ba shi muƙamin mataimakin shugaban ofishin takardun fadar, kujerar da ya riƙe shekara 35 yana tara dukiya. Ranar 11 ga Agusta 1492 kadinal 23 da aka kulle don zaɓe suka fito da shi a matsayin Fafaroma. An yi ciniki kuwa? Ka duba rabon da aka yi da gari ya waye. Kadinal Ascanio Sforza, wanda ya janye ya mara masa baya, shi ya gaji wancan muƙami mai tsoka, har da katafaren gidan Rodrigo. Sauran ma kowa ya samu nasa, wani gari, wani kujerar bishop mai kawo kuɗin shiga. Labarin alfadarai huɗu da aka ce an gani ɗauke da azurfa sun nufi gidan Sforza daga alƙalamin wani marubuci mai ƙin mulkin fafaromomi ya fito, don haka ina riƙe shi sako-sako. Naɗe-naɗen kuwa a rubuce suke.

'Ya'yan ma gaskiya ne. Vannozza dei Cattanei ta haifa masa Cesare da Huwan da Lukreziya da Jofre, bai kuma ɓoye su ba. Giulia Farnese, farkarsa bayan ya hau kujera, ita ma ta tabbata. Ɗan'uwanta Alessandro ya zama kadinal a 1493, mutanen Roma suna yi masa ba'a cewa albarkacin siket ya samu. Wani abin mamaki, wannan Alessandro shi ne ya zama Fafaroma Paul na Uku a 1534, shi ne kuma ya kira babban taron Trent na 1545 da ya ɗaura ɗamarar gyara cocin.

Abokinka mai cewa shugaban addini ba zai yi haka ba yana auna Fafaroman wancan ƙarni ne da ma'aunin na yau. A lokacin Fafaroma sarki ne mai ƙasa a tsakiyar Italiya, da haraji da sojojin haya da kurkuku, ga manyan gidajen Roma irin Orsini da Colonna suna jiran ya yi tuntuɓe. Sarautar ba ta gado ba ce, yawanci tsoho ake zaɓa, saboda haka duk wanda ya hau sai ya yi sauri ya gina danginsa kafin ajali. Wanda Alekzanda ya gada, Innocent na Takwas, shi ma yana da 'ya'ya a fili, har ya aurar da ɗansa ga 'yar Lorenzo de Medici. Alekzanda bai ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, ya dai kai ta maƙura. A 1500 ya naɗa sababbin kadinal 12 a rana guda, kuɗin da suka biya da abin da masu ziyarar ibada suka zuba a Roma a shekarar aka kwashe aka ɗauki nauyin yaƙin Cesare a yankin Romagna.

Yanzu ga inda masu shirin suka zuba gishiri. An tsamo gawar Huwan daga kogin Tiber a watan Yuni 1497, da sukar wuƙa tara a jikinsa, jakar kuɗinsa da dukat (tsabar kuɗin lokacin) 30 na zinariya ba a taɓa ba. Shirin ya ɗora kisan a kan Cesare kai tsaye. Tarihi bai gano mai kisan ba har yau. An zargi gidan Orsini, an zargi wasu mazajen da ya ci amanarsu, sunan Cesare sai daga baya ya fara yawo. Akwai wani mai gadin katako a bakin kogin da ya ga an jefa gawar. Da aka tambaye shi me ya hana shi kai rahoto, sai ya ce ya ga an jefa gawa ta kai ɗari a wurin, ba wanda ya taɓa tambaya. Wannan amsar ta fi duk wani fage na shirin nuna maka yadda Roma take.

Wadda aka fi zalunta ita ce Lukreziya. Tana 'yar shekara 13 aka aurar da ita ga Giovanni Sforza a 1493. Da ƙawance da gidan Sforza ya daina amfani, sai aka raba auren a 1497, aka tilasta wa mijin ya sa hannu cewa bai iya kusantar ta ba. Mutumin da aka tozarta haka a bainar jama'a shi ne ya fara cewa uban don kansa yake son ta. Daga bakin mai jin haushi zancen ya fito, maƙiya suka ƙara da sunan Cesare, shirin kuma ya mayar da shi soyayya a zango na uku. Babu hujjar wannan, babu kuma hujjar cewa ta taɓa ba wani guba. Mijinta na biyu, Alfonso na Aragon, shi kam an shaƙe shi a 1500, kuma yaron Cesare, Michelotto, ake danganta wa aikin. Ta ƙare rayuwarta a Ferrara ana ganin girmanta, ta rasu a 1519 bayan haihuwa.

Haka labarin Yarima Jem, ƙanin Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu, wanda shirin ya nuna an ba shi guba a fadar Fafaroma. Gaskiya ne yana tsare a fadar Fafaroma, yayansa na biyan dukat 40,000 duk shekara don kada a sake shi. Amma ya rasu ne a 1495 a hannun Sarkin Faransa Charles na Takwas, bayan an miƙa shi. Zancen guba kuma bai rasa tushe gaba ɗaya ba: da Kadinal Michiel mai dukiya ya mutu a 1503, nan da nan mutanen Fafaroma suka kwashe kayansa, daga baya wani baransa ya amsa cewa shi ya ba shi guba. Sai dai a zamanin babban maƙiyin gidan, Fafaroma Julius na Biyu, ya yi wannan iƙirari.

Ka riƙa tambayar wa ya ba da labari. Italiyawa ba su taɓa yafe wa gidan Borjiya baƙunta ba, har Yahudawan ɓoye suke kiransu, musamman da Alekzanda ya bar Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492 suka zauna a Roma.

An dakatar da shirin a 2013 bayan zango uku, bai kai ga mutuwar Fafaroman ba. A watan Agusta 1503 shi da Cesare suka kwanta ciwo bayan wata liyafa, uban ya cika ranar 18 ga wata. Gawar ta kumbura ta yi baƙi, aka ce ai gubar da suka haɗa wa wani ce suka sha, amma yawancin masana sun fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro da ke kashe mutane a Roma duk lokacin zafi. Bayan ɗan gajeren mulkin Pius na Uku, Giuliano della Rovere, wanda shirin ya nuna a matsayin mai kishin gyara, ya hau da sunan Julius na Biyu. Ya ƙaurace wa ɗakunan Alekzanda. Shi ma yana da 'ya, Felice, shi ma da alkawuran muƙamai ya samu ƙuri'u, har da na kadinal-kadinal 'yan Sifen da Cesare ya kawo masa. A 1505 ya sa hannu a dokar da ta soke duk zaɓen Fafaroman da aka saya.