Ɗana ya faɗa sashen intandans: shi ke nan ya zama mai gadin mangaza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uba ne daga unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana ya gama makarantar hafsoshi, aka kai shi sashen da ake kira intandans. Abokaina na cewa mai tsaron mangaza aka mayar da shi, ba sojan gaske ba. Mene ne aikin nan, kuma yana da gaba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaro albarka. Ka kwantar da hankalinka, ɗanka soja ne cikakke. Horon da sauran hafsoshi suka sha shi ya sha, galonsa kuma daidai yake da nasu.

A tsarin da rundunar Nijar ta gada daga Faransa tun kafa ta ranar 1 ga Agusta 1961, intandans ne ke riƙe da albashin soja, abincinsa, kakinsa, takalmansa, har bargon da zai rufa. Makamai da gyaran motoci suna da nasu sashen daban. Hafsa yakan fara da riƙe kuɗi da kayan bataliya guda, ya je ƙarin karatu, misali a makarantar gudanarwa ta soja da ke Kulikoro a Mali, daga nan ya hau zuwa matakin yankin soja irin namu na 3 a Zinder, ko babban ofishi a Yamai. Gaba kam akwai ta. Tiemoko Marc Garango na tsohuwar Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, daga wannan sashe ya fito, ya riƙe ministan kuɗin ƙasarsa daga 1966 zuwa 1976.

Amma bari in nuna maka aikin da kansa, don masu cewa zaman inuwa ne ba su taɓa ganinsa ba. A ce mutum 120 ne a wani sansani can bayan Tanut, kowa na buƙatar lita 10 ta ruwa a rana, ban da wanka. Lita 1,200 ke nan kullum, a wurin da rijiya ke da nisa, a watan Afrilu da rana ke dafa ƙarfen mota har ba ya taɓuwa. Ga shinkafa, ga mai, ga gishiri da shayi. Tsakanin Zinder da Agadas kusan kilomita 450 ne, kuma kamyo na iya kafewa a rairayi kwana biyu. Wanda bai sa waɗannan kwanaki cikin lissafinsa ba, mutanensa za su kwana da yunwa. Sau da yawa kuma hafsan intandans na cikin ayarin motocin kayan, a hanyar da ake tsoron nakiya.

Lokacin da nake bakin aiki, wani ɗan kwangila ya kawo mana shinkafa. Buhunan saman mota tas suke. Na sa aka sauke har ƙasa, na zura hannu cikin wani buhu, sai ga tsaki da ƙwari, kan sikeli kuma bai cika kilo 50 ba. Ya matso kusa ya ce in sa hannu kawai, "ba za mu ɓata ba". Na mayar masa da kayansa. Har yau in na tuna, fuskar yaran da za su ci wannan shinkafa a daji nake gani.

Nan ne nauyin aikin yake, Malam, kuma nan nake so ka tsaya masa. Kuɗin jama'a ne ke ratsa hannunsa. Ƙasar nan ta ga abin da jinkirin haƙƙin soja ke haifarwa: boren sojoji na Fabrairun 1992 a kan albashin da ba a biya ba ya tashi, na Diffa a 2002 ma a kan kuɗi da halin rayuwa ne.

Saboda haka in ya zo hutu, kada dangi su yi masa kallon wanda ya samu rumbu. Kada a ce ya taimaka da buhu ɗaya don biki ko suna, domin daga buhu ɗaya ake farawa. Ka ce masa kada ya sa hannu a takardar kayan da bai ƙirga da idonsa ba, ya kuma riƙa ajiye kwafin kowace takarda, ko da ta bargo guda ce.