Tambaya da Amsa: Wai sanyin hunturu zai iya fasa min injin kwale-kwale?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan fito ne a wani ƙauye gefen kogin Haɗeja, ina kuma ɗan taɓa kamun kifi. Bara na haɗa 'yan kuɗaɗena na sayi injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 na hannu na ɗaura wa kwale-kwalena, alhamdulillahi ya yi min aiki duk damina. To yanzu ruwa ya fara ja zan koma lambu sai kuma wata daminar, sai wani yayana da yake karatu a Kanada ya kira ni yake ce min su can kafin sanyi ya shigo sai an tsiyaye ruwan cikin inji tas an ɗura masa wani magani, in ba haka ba ruwan ya daskare ya fasa injin. Wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba don ka san irin sanyin da ake yi a bakin kogi watan Janairu. In nemi maganin ne? Kuma ina ake samunsa?

Daga mai karatu, ƙaramar hukumar Auyo, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kwantar da hankalinka, kuɗin maganin nan ka bar su a aljihunka.

Yayanka bai yi ƙarya ba ko kaɗan, a can haka abin yake. Shi ruwa in sanyi ya kai digiri 0 sai ya zama ƙanƙara, kuma in ya daskare kumbura yake, yana ƙara kusan kashi 9 cikin 100 na girmansa. Ka taɓa ganin robar zobo da aka cika maƙil aka manta da ita a firiza, yadda gindinta yake turowa waje ta kasa tsayuwa? To haka yake yi a cikin ƙarfe, sai dai ƙarfen inji ba ya miƙewa kamar roba, tsagewa yake. A Kanada da arewacin Amurka sanyi na kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili har ya wuce, tafki guda ya daskare mutane su yi tafiya a kai, shi ya sa duk mai jirgi sai ya fito da shi tudu ya kwance kusoshin tsiyaya ya zubar da ruwan, sannan ya ɗura maganin hana daskarewa, galibi wani mai ruwan hoda. Kuma waɗanda abin ya fi ci su ne manyan injinan da ake girkawa a cikin cikin jirgi irin na mota, don su ruwa yana kwana a jikinsu. Irin naka na ratayawa a baya in ka tsayar da shi a miƙe da kansa yake tsiyayewa.

Mu nan Kano da Jigawa ko a muku-mukun sanyi, daren da jaura take kaɗawa kowa ya rungumi wuta, abin yakan tsaya ne wajen digiri 12 ko 13, wani daren ya ɗan yi ƙasa da haka. Ruwan randa zai yi sanyi har ya kama haƙori amma ba zai daskare ba. Kuma don Allah kar wani ya ce maka ka sayi koren ruwan lagireton mota ka zuba, wannan guba ne, ga shi da ɗan zaƙi-zaƙi yaro ko akuya na iya sha, in kuma ka tayar da injin a kogi cikin ruwan da jama'a ke sha zai ƙare.

Amma fa akwai abin ɗauka a maganar yayan naka, shi ne ba a jingine inji haka kawai a tafi wata shida. Na sha gani, mutum ya sauke inji ya jefa a zaure ya rufa masa buhu, damina ta zo ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, ƙarshe a ɗora a amalanke sai wajen bakanike daidai lokacin da abokansa suke kwasar kuɗin fito. Abin yana ba ni takaici don aikin yini ɗaya ne da zai hana wannan.

Mu ɗauki batun fetur. Wanda ya kwana wata biyu uku a kafireta mai ƙarfin cikinsa tashi yake, a bar wani danƙo-danƙo mai wari kamar tsohon fenti ya toshe 'yan ƙananan hudojin, kuma zafin bazararmu yana ƙara saurin abin. Saboda haka ka ƙarar da na tanki a fitonka na ƙarshe, ka kwance ɗan notin da ke ƙasan kafireta sauran ya zube. Sai ka cire fulogi ka ɗiga man inji kamar cokalin shayi a kowace silinda, ka ja igiya a hankali sau uku huɗu ya shafe ko'ina, ka mayar da fulogin.

Inda na fi so ka natsu shi ne ƙasa, wajen farfela, wato fankar da ke juyawa cikin ruwa tana tura jirgi. Cire ta ka duba bayanta, mu da muke yawo cikin ciyawar kacala da ragowar taru da zaren masunta da wuya ka rasa zare ya nannaɗe a jikin sandar, kuma wannan siririn zaren da kake rainawa shi yake yanka robar da ke tare ruwa kar ya shiga gidan giyar injin, wato inda haƙoran ƙarfen da ke juya farfela suke. Akwai notuna biyu a gefen gidan giyar, na ƙasa da na sama, ka ajiye kwano ka kwance su tsohon man giya ya zube. Na taɓa tsayawa kan wani bakanike a bakin dam ɗin Tiga yana wannan aikin, man da ya kamata ya fito kamar zuma sai ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ya lakato da yatsa ya nuna wa mai injin ya ce Alhaji ruwa ya shiga. A Kanada wannan ruwan ne yake daskarewa ya tsaga gidan giya, mu a nan ba zai tsaga ba amma zai zauna ya yi ta cin haƙoran giya da boris da tsatsa har damina. In ka ga haka a canja robar tukuna. Sabon man giya mai lamba 90 ta hudar ƙasa ake ɗura shi har sai ya ɓullo ta sama, ka rufe ta sama sannan ta ƙasa, in ka zuba ta sama iska za ta tare shi ka ɗauka ya cika alhali da saura.

Amma kafin duk wannan, tun da sauran ɗan fetur, ka tsoma ƙafar injin a duro mai ruwa mai tsabta ka tayar da shi na 'yan mintuna, laka da yashin kogi su fita kafin su bushe su zama kamar siminti. Kar ka kuskura ka tayar da shi a busasshe ko don gwaji, akwai wata 'yar fankar roba a ciki mai tura ruwa sama, ba ruwa cikin daƙiƙu kaɗan take ƙonewa.

Wajen ajiya ka kafa masa katako a ɗaki ka rataye shi a tsaye kamar yadda yake a jirgi, in kuma dole sai an kwantar to kan ya fi farfela tudu kar ragowar ruwa ya gangaro cikin silinda. Ka rufa masa zane saboda ƙurar buji, ba leda ba don leda gumi take tarawa. Da yake ka ce lambu za ka koma, injin ban ruwanka ma in ka gama da shi haka za ka yi masa, akwai noti a ƙasan famfon na zubar da ruwa.

Ranar da za ka mayar da shi kogi ka fara gwada shi a duro, idonka na kan ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta gefe. In bai tsarto ba kashe shi nan take ka zura siririyar waya a hudar, sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki, in ka zura har yanzu shiru to fankar robar ce ta bushe, a canja ta kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya.