Amsa kan haɗa VS Code da Android Studio a .deb don rabawa ɗalibai

Wa alaikumus salam. Malam, idan na fahimce ka, kana kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon rubuta manhaja a Gusau, duka Ubuntu ce a kansu, kana so ka haɗa VS Code da Android Studio a .deb (ƙunshin da Ubuntu ke girka manhaja da shi) ka riƙa ba ɗalibai a filash saboda tsadar data. Na daɗe ina irin wannan aikin a Birnin Kebbi, ga abin da na gani.

Haɗawar ba wuya. Ka zuba fayilolin a /opt, ka rubuta DEBIAN/control, ka kira dpkg-deb --build. Layin Depends, inda ake lissafa sauran kayan da manhajar ke buƙata, shi ke kayar da mutane. Tunda ginanniyar manhajar kake haɗawa, ba daga asalin rubutunta kake gina ta ba, sai dai ka bi ta da umarnin ldd ka ga abin da take nema. Wadda aka gina da sabuwar glibc (babban laburaren da manhajojin Linux ke dogara da shi) ba za ta tashi a tsohuwar Ubuntu ba, ko ka kwana a kanta.

Amma a lasisi gizo ke saƙa. Asalin rubutun VS Code a buɗe yake, lasisin MIT ne, sai dai wadda Microsoft ta gina take bayarwa tana da nata sharuɗɗan: ka girka ta a kwamfutocin cibiyarka, babu laifi, amma ba a yarda ka raba wa jama'a ba. Su ma kayan Android SDK, waɗanda Android Studio ke aiki da su, an hana rabawa. Kuma kamfani na iya canza shawara. A 2011 Oracle ta janye lasisin da ya ba masu Linux damar raba Java ɗinta, dole Ubuntu ta cire ta daga rumbunta.

Shi ya sa masu Debian suka yi dabara irin ta ttf-mscorefonts-installer: ƙunshin ba ya ɗauke da kayan, umarni ne kawai na a sauko da su lokacin girkawa. Haka AUR, rumbun masu amfani da Arch Linux, ke yi. Dabara ce mai kyau ga wanda intanet ɗinsa ba ta yankewa. A nan kuwa, kwamfuta ashirin kowace ta ja Android Studio mai sama da giga 1, ai kafin la'asar datar wata ta ƙare.

Ni dai ga yadda nake yi. Na cibiya, a sauke sau ɗaya, a duba ingancin fayil ɗin da sha256sum, a girka ta kebul ɗin da ya haɗa kwamfutocin cibiyar. VS Code ma Microsoft na bayar da .deb ɗinta, kada ka wahalar da kanka. Na filash ɗin ɗalibai kuwa, VSCodium (VS Code da aka gina daga buɗaɗɗen rubutun nan) da OpenJDK (buɗaɗɗiyar Java), su kam a raba son rai. Ka dai sanar da su cewa VSCodium daga rumbun Open VSX take ɗauko ƙarin kayanta, ba daga na Microsoft ba, don haka irin su Pylance na Python ba za su samu ba. Android Studio kowa ya sauke tasa, ko ya zo cibiya ya yi aikinsa.