Me talaka zai iya yi wa muhalli da zaman lafiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko talaka da ba shi da kuɗi ko kujera zai iya kare muhalli har ya kawo zaman lafiya. Wallahi zai iya. Dubi manoman jihar Maraɗi a Nijar.

Bayan farin 1984, gonaki sun zama fako, iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka. Sai mutane suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. In ya yi toho, manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya sassare sauran da adda, ya yi ta kula da su har su zama itace. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Gawo ne ya fi burge ni. Da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ni a ganina nan zaman lafiyar take, domin rikicin manoma da makiyaya yawanci kan abincin dabbobi ne. Ka fara daga gonarka, sannan ku zauna da mai gari da Fulanin yankinku ku tsara dokar sare itatuwa.