Ƙotar takobi: daga wutsiya ake fara ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗan koyon ƙira ne a cikin Birni. Na ƙera ruwan takobi da sifirin mota, tsawonsa santimita 80, kawuna ne zai rataya ran Hawan Daushe. Ruwan ya yi kyau, amma ƙota ta gagare ni. Wadda na sa tana girgiɗi, kuma takobin yana rinjayar hannu. Yaya zan tsara ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa hannunka albarka. Aikin da ya gagare ka shi ne wanda aka san Kano da shi tun da. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka yi wa laƙabi da Abdulkarim, ya shigo garin nan a 1851, ya rubuta cewa ana kawo ruwan takubba kimanin 50,000 a shekara, yawancinsu daga Solingen ta ƙasarsu. Tsirara suke zuwa. A nan ake sa musu ƙota da kube, sannan Buzaye da Barebari da Nufawa su saya su tafi da su.

Ban ga takobinka ba, amma ina kyautata zaton ciwon yana wutsiya, wato ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota. Yaran yanzu sai su gama ruwa, su ɗauko siririn rodi su manna masa da walda. Wannan ba takobi ba ne, hatsari ne. An taɓa kawo min irinsa gyara: mai shi ya ɗaga shi a kan doki, ruwan ya fice ya bar masa ƙota a hannu, Allah ya kiyaye bai samu kowa ba. Wutsiya daga jikin ruwan za ta fito, ƙarfe ɗaya, mai faɗi a gindi, tana sirancewa a hankali har ta ɓullo ta ƙarshen ƙota. Inda ta haɗu da ruwa kada ka yanke kusurwa tsaf kamar lungun akwati. Bi wurin da magagari mai zagaye ya yi ɗan lanƙwasa, don daga kusurwa mai kaifi tsaga take farawa. Kuma kada ka ba wutsiya tauri irin na ruwa. Sifirin mota in ya sha wuta ya sha mai yana da taurin kai, to ƙarshenta sai ka mayar da shi wuta ya yi ja, ka binne a toka ya huce da kansa, don ya daku ba tare da ya fashe ba.

Sai makarin hannu, wato ƙarfen da ke gitte tsakanin ruwa da wurin riƙo. A takobinmu na gargajiya miƙaƙƙe ne, mai faɗi, kamar an gitta ɗan allo, ana lulluɓe shi da fata ko tagulla. Ramin da wutsiya za ta bi ka huda shi ƙarami, ka riƙa ci da magagari kana gwadawa, har sai ya zama da guduma yake zama. In ya shige da hannu kawai, ka riga ka sayi girgiɗi. Ɗaga shi ka duba a rana: in haske na ratsawa tsakanin makari da kafaɗar ruwa, da sauran aiki.

Wurin riƙo kuwa ba naka ba ne, na kawunka ne. Je ka auna faɗin tafinsa, ka ƙara kamar yatsa ɗaya. Ga yawancin maza yakan faɗa tsakanin santimita 9 zuwa 10. In ka shiga Gidan Makama ka dubi tsofaffin makamai, ko ka roƙi wani dattijo ya ba ka na gado ka riƙe, za ka ji hannu ya cika wurin tam, makari a gaba, dunƙule a baya, ba inda zai zame. Ni dai ba na yin riƙo mulmulalle kamar taɓarya. Ina ɗan shafe shi gefe biyu ya yi siffar ƙwai, faɗinsa ya bi layin kaifi, ta yadda ko ido a rufe mutum ya san inda kaifin ya fuskanta. Itace ka nemi busasshen marke ko ƙirya. Ɗanye zai yaudare ka: yau ya kama, hunturu na busowa ya tsuke ya saki. Tsaga shi biyu, ka sassaƙa gurbin wutsiya a kowane ɓari, ka haɗa da gam, ka ɗaure da zare.

Rinjayen da ka ce, maganinsa dunƙulen da ke ƙarshen ƙota. Mutane suna ɗauka ado ne, alhali shi ne ma'auni. Kafin ka dake komai, harhaɗa su haka nan, ka ɗora takobin a kwance a kan yatsa. Inda ya tsaya daidai ya zama wajen santimita 10 zuwa 15 gaba da makari. In ya wuce haka sosai, ƙara wa dunƙule nauyi kaɗan. Amma kada ka ɗura masa dalma don ka rufe laifin ruwa. In ruwan kaurinsa ɗaya daga gindi har tsini, koma ka rage shi ta gaba. Takobin hannu ɗaya da ya haura kilo ɗaya da nisa, mahayin da zai wuni da shi, ga linzami ga rawani ga rana, zai yi maka addu'ar da ba ka so.

In ma'auni ya yi, bar wutsiya ta leƙo kaɗan, ka sa 'yar tagulla a kai, ka daka a hankali da ƙaramar guduma kana zagayawa har ta baje kamar kan ƙusa. Kada ka ɗaure ta da noti, don noti yana kwancewa da sukuwa.

Fata ba aikinmu ba ce, kai wa dukawa. Jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, siririya, a jiƙa a naɗe ta bushe a jiki, ita ke riƙe gumi. Korino, wato koriyar fata, a bakin makari yana da kyau in ba a cika ba. Tagulla ko azurfa ka bar wa maƙeran fari a Kurmi, amma ka ce musu adon ya tsaya kan makari da dunƙule; zanen ƙarfe a wurin riƙo kanta yake fitarwa. Buzaye ma suna rufe baƙin ƙarfen ƙota gaba ɗaya, don ba sa son hannu ya taɓa shi.

Tunda na hawa ne, kada ka wasa shi. Kafin a kai ɗinkin kube da hamila, riƙe shi ka bugi gefen dunƙulen da tafin hannu sau uku kana saurare. In ka ji ƙas-ƙas, kwance ka sake duba makarin.